Yadda Ake Riƙe Mai Karatu Kar Ya Ajiye Littafinki A Tsakiyar Hanya

Duk wadda ta taɓa sakin labari feji-feji, wato kashi-kashi, a guruf ɗin WhatsApp ko a manhajar karanta labarai ta Wattpad ta san shirun nan da nake nufi. Feji na ɗaya ana ta ruwan sharhi, Allah ya ƙara basira, muna biye da ke, sai ki kai feji na sha biyar ki ga saura mutum huɗu ke magana kuma biyu a cikinsu ƙawayenki ne da ba za su iya ƙin yi ba. Ba wanda ya zage ki, ba wanda ya fita daga guruf ɗin ma, kawai an daina buɗewa. Ni ma abin ya same ni a labarina na biyu, na raba dare ina taifin har babban yatsana ya yi tsami, na saki da asuba na zauna ina jira, har aka kira la'asar ba wanda ya tanka. Ranar na kira wata yayata da na san tana bin labarin nace Yaya don Allah faɗa min tsakani da Allah a ina kika tsaya, tace min tun wajen da kika koma ba mu tarihin kakan Alhaji na ajiye, nace idan kin dawo kan yarinyar zan ci gaba, sai kuma na manta.

Wannan "na manta" ɗin ita ta buɗe min ido. Yawancin masu karatu ba sa zama su yanke shawarar sun bar littafi, ajiyewa suke da niyyar dawowa, jariri ya yi kuka ko an kawo wuta za a yi guga ko caji ya ƙare, to idan babu wani abu a labarin da zai dinga sosa musu rai yayin da suke wancan aikin, shikenan an rabu. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya ginu: ki bar wa mai karatu abin da zai hana shi mantawa da ke.

Kuma kar ki ɗauka mu kaɗai abin ke samu. A shekarar 2014 kamfanin Kobo mai sayar da littattafan da ake karantawa a na'ura ya fitar da alƙaluman yadda mutane ke karatu a Birtaniya, aka ga wani littafi da ya ci kyautar Pulitzer a shekarar, wanda aka saya kamar me, ko rabin waɗanda suka saye shi ba su kai ƙarshensa ba. Shi kuwa Amazon tun 2015 ya koma biyan marubutan da ke tsarinsa na Kindle Unlimited gwargwadon yawan shafukan da aka karanta, wato idan an ɗauki littafinka an ajiye a shafi na goma to kuɗin shafi goma za ka gani. Mu ma nan kusan haka ne, wadda ta gaji a fejin kyauta ba za ta turo kuɗin ci gaba ba.

Zan dinga cewa ke saboda mata suka fi yawa a harkar, maza marubuta ku ɗauka da ku ake.

Mataki na farko: nemo wajen da suke zubewa

Kafin ki gyara komai sai kin san inda ciwon yake. Idan a Wattpad kike, kowane kashi yana nuna adadin waɗanda suka buɗe shi, ki ɗauki takarda ki jera lambobin daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Raguwa tsakanin na ɗaya da na biyu ba abin damuwa ba ne sosai, akwai masu leƙe su wuce, amma wajen da kika ga lamba ta faɗo gaba ɗaya a tsakiya, ki koma ki karanta fejin da ya zo kafin faɗuwar don can ɓarnar take. Idan a guruf ne, ki zaɓi mutum uku waɗanda ba sa jin kunyarki. Kar ki tambaye su ko ya yi daɗi, kowa zai ce ya yi. Ki tambaye su a ina kika fara tsallake layi, a ina kika ajiye wayar kika tashi, wane suna ne kika gani kika rasa ko waye. Idan biyu cikin ukun suka nuna waje ɗaya to kar ki tsaya kare kanki, ki yarda.

Mataki na biyu: ki san tambayar littafinki tun kafin ki fara taifin

Ki ɗauki biro ki amsa abu uku a layi uku kacal. Me jarumar take so, wa ko me ya tare mata hanya, kuma me za ta rasa idan ba ta samu ba. Idan kika kasa amsawa a taƙaice to labarin bai nuna ba tukuna, ki bar shi a kan wuta. "Labarin wata yarinya ce da ta sha wahala a rayuwa" ba amsa ba ce, don wahala ba ta da iyaka, za ki iya kai feji ɗari kina ba ta wahala ba tare da mai karatu ya san me yake jira ba. Amma ki duba wannan: bazawara ce mai 'ya'ya biyu, tana so ta karɓo ɗanta daga hannun dangin mijinta da ya rasu kafin su tura shi wani gari, kuma takardar gidan da za ta iya sayarwa ta bi shari'ar tana hannun wan mijin da ke neman aurenta. Kin ga nan akwai tambaya, za ta karɓo yaron ko ba za ta karɓo ba, kuma da me za ta biya. Wannan tambayar ita ce igiyar da za ki riƙe mai karatu da ita har ƙarshe.

Sannan ki san ƙarshen tun yanzu, ko da a dunƙule. Da yawa cikinmu muna fara saki ne da ɗoki ba mu san inda za mu sauka ba, mu kai tsakiya mu rasa hanya sai mu fara ƙirƙiro hatsarin mota da ɓatan tunani da tagwayen da aka raba tun suna jarirai don dai kar a tsaya, kuma mai karatu yana ganewa wallahi, yana jin lokacin da direba ya ɓata hanya ko bai faɗa ba.

Mataki na uku: buɗe labari

Nan zan ɗan daɗe don nan aka fi asarar mutane. Akwai wata ma'aikaciyar ɗakin karatu a Amurka, Nancy Pearl, da ta shahara da shawarar cewa ka ba littafi shafi 50, idan bai kama ka ba ka ajiye ba laifi. To wannan ga mai riƙe da littafin takarda ne wanda ya riga ya saya. Ke da kike waya, inda labarinki ke gogayya da sakon dangi da bidiyon TikTok da wasu marubuta goma a guruf ɗaya, ba ki da shafi 50, abin da ya cika fuskar waya sau biyu ko uku shi ne rabonki.

Yanzu ki duba me muke zubawa a wannan ɗan wajen. Sunan ƙungiya da taurari da furanni, jerin littattafan da marubuciya ta yi a baya, sadaukarwa ga mutum takwas, gargaɗin kar a juya min labari, tallan turaren wuta, sai mutum ya yi ta jan yatsa kafin ya ga kalmar farko ta labarin. Gaisuwa da godiya abu ne mai kyau kuma al'adarmu ce, amma ki mayar da su ƙasan feji, wadda ta ji daɗin karatu za ta gan su da farin ciki.

Sai kuma buɗewar kanta. Kin san su: hadari ya haɗo garin ya yi luf, ko ƙararrawar agogo ta tashe ta ta yi salati ta shiga banɗaki, ko kuma a tsaya a zana mana ita tun daga gashi har gadon baya zuwa dogon hanci da dara-daran idanu sannan a ce tsayawa faɗar kyanta ɓata lokaci ne bayan an riga an ɓata. Mai karatu ya ga irin wannan ya fi a ƙirga, idonsa zamewa yake a kai. Ki tuna yadda kakanninmu ke tatsuniya, ana cewa ga ta nan ga ta nanku, a amsa ta zo mu ji ta, jimla ta gaba an riga an shiga matsala, an yi yunwa a gari Gizo ya rasa abin da zai ci, ko kishiyar uwa ta aiki marainiya wanki a rafi mai nisa. Ba tsohuwar da ta taɓa tsayawa bayanin kalar zanen Ƙoƙi, don ta san yara za su yi barci.

Bari in nuna da misali. A ce kin buɗe haka:

"Hafsatu yarinya ce 'yar kimanin shekara ashirin da biyu, fara ce doguwa mai hankali da nutsuwa, ita ce ta uku a gidansu, mahaifinta ɗan kasuwa ne mai rufin asiri."

Ba kuskure a ciki, amma ba abin da zai sa in ci gaba. Yanzu ga wata:

"Sau uku Hafsatu tana ƙirga kuɗin adashin, sau ukun dubu arba'in ne babu. Ta ɗaga katifa, ta zazzage jakar, ta laluba har cikin tukunyar da ba a girki da ita. A tsakar gida kuwa muryar Inna Talatu ce ke tashi tana sallama, yau ne kwasarta, kuma makullin ɗakin nan mutum biyu ne kawai ke da shi."

Ban faɗi shekarunta ba, ban faɗi kalar fatarta ba, amma kin riga kin san tana cikin tashin hankali, kin san akwai amana a wuyanta, kuma kina so ki san waye na biyun da ke da makulli. Abin da ake nema kenan. Ki fara a ranar da abu ya lalace, kyan fuska da asali duk za su biyo baya a hankali.

Mataki na huɗu: tushen labari, ki gutsura shi

Wannan shi ne abin da ya kore min yayata. An fara labari da zafi, an kai wajen da zuciya ke bugawa, sai a rubuta da manyan baƙaƙe WACECE HAFSATU ko ASALIN LABARIN, a koma shekara arba'in baya, Alhaji wane ya auri mata uku, ta farko ta haifi wane da wane da wance, ta biyu ta haifi shida, a jero suna ashirin a feji ɗaya waɗanda sha biyar a cikinsu ba za su sake fitowa ba. Kamar ki sa wa mutum tuwo a gaba ya kai loma ɗaya ki janye kwanon ki ce bari in ba ka tarihin gonar da aka noma dawar.

Yadda ake yi shi ne ki rubuta tarihin gidan gaba ɗaya a littafinki na gefe don ke ki sani, sannan ki dinga sako shi kaɗan-kaɗan daidai lokacin da ake buƙata. Idan akwai tsohuwar gaba tsakanin uwar Hafsatu da Inna Talatu, ba sai kin ba mu feji uku ba, ya isa Inna Talatu ta kalle ta tace "ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka uwarki ta yi min a kan kuɗin zobe." Magana ɗaya ta ba mu tarihi kuma ta ƙara wa wutar yanzu itace. Sunaye kuma a fejukan farko kar su wuce huɗu ko biyar, kuma ki bambanta su, idan akwai Hafsatu kar a samu Hassatu da Hansatu a gida ɗaya.

Mataki na biyar: jaruma ta motsa

Mai karatu zai tausaya wa wadda ake zalunta na feji biyar, wataƙila goma, daga nan kuma haushinta zai fara ji. Jarumar da aikinta kawai kuka da haɗa kai da gwiwa, a mare ta ta yi shiru, a yi mata sharri ta yi shiru, har sai wani mai kuɗi ya faɗo daga sama ya cece ta, tana gajiyar da mutane. Haƙuri hali ne babba, amma mai haƙuri ma tana da dabara, tana da abin da take ƙullawa a ranta, tana yanke shawara wani lokacin ta yi daidai wani lokacin ta tafka kuskure. Ki bar ta ta yi kuskuren. Hafsatu ta ɓoye wa Inna Talatu gaskiya ta ce gobe, ta je ta ci bashi a wajen wanda bai kamata ba, yanzu matsalar ta zama biyu kuma da hannunta ta jawo ta biyun, nan ne mai karatu zai dafe kai yace kai yarinyar nan me ya kai ki, kuma wanda ya faɗi haka ba zai ajiye ba.

Haka mugun labari. Kishiya ko uwar miji da ke mugunta ba dalili tun safe har dare kamar ba ta da wani aiki, ba ta da tsoro ba ta da abin da take karewa, ba mutum ba ce. Ki ba ta dalili ko da gurgu ne, tana tsoron a raba ta da ɗanta ne, ko ita ma haka aka yi mata. Ranar da mai karatu ya ji ya ɗan fahimce ta duk da yana ƙinta, labarinki ya yi nauyi.

Mataki na shida: kowane feji ya canza wani abu

Tsakiyar littafi ita ce rami. Ga gwajin da nake yi yanzu kafin in saki kowane feji: in tambayi kaina me ya canza tsakanin layin farko da na ƙarshe. Wani ya san abin da bai sani ba? Wani ya yanke shawara? Wata alaƙa ta gyaru ko ta ɓaci? Idan amsar ita ce ba komai, sun dai tashi sun yi wanka sun karya sun je gidan Hajiya sun gaisa sun dawo, to fejin nan ko a goge shi ko a matse shi ya koma layi biyu.

Wankan nan da kwalliya kuwa sai mun yi wa kanmu faɗa. Ta shiga wanka, ta fito ɗaure da tawul, ta shafa mai, ta feshe jikinta da turaruka masu sanyin ƙamshi, ta saka atamfa ɗinkin riga da siket, kuma a kowane feji sai an yi, wani lokacin sau biyu. Haka girki, a jero kayan miya tun daga jajjage har sauke tukunya. Idan kwalliyar tana da aiki a labarin, misali ta saka zanen da marigayiya uwarta ta bari don ta je gaban waɗanda suka ci gadonta, to ki tsaya a kai ki zana shi da kyau har mu ji ƙamshin adaka a jikinsa. Idan ba ta da aiki, "ta shirya ta fita" ya wadatar.

Na san dalilin da ke sa wasu jan labari, ana ganin idan feji ya yi yawa kuɗin da aka biya ya halatta, ko kuma a samu na ɗaya da na biyu da na uku kamar yadda ake yi tun zamanin da ake buga su a takarda ana kaiwa kasuwa a Kano ana ba da haya a unguwanni. Amma a wancan lokacin ma wadda ta karanta na ɗaya ba ta ji komai ba ba ta komawa karɓo na biyu. Feji 40 masu nama sun fi 90 masu ruwa, kuma wadda ta gama 40 tana marmari ita ce za ta biya kuɗin littafinki na gaba tun kafin ki fara.

In kina son horar da hannunki a kan matsewa, ki gwada rubuta cikakken labari a ma'aunin gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, kalma 1000 zuwa 1500. Ko ba za ki tura ba ki yi don kanki. Idan aka ce iya wajen da kike da shi kenan, da kanki za ki ga jimlolin da ba su da aikin yi.

Mataki na bakwai: inda ake yanke feji

Wannan dabara tsohuwa ce ƙwarai. A Dare Dubu Da Ɗaya, Shaharzad ranta take ƙoƙarin cetowa daga sarkin da ke kashe duk matar da ya aura da gari ya waye, shi ya sa take kai labari daidai wajen da sarki ya matsu ya ji ci gaba sai gari ya waye ta yi shiru, dole ya bar ta zuwa gobe. A Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ma, wadda ta fara fitowa a 1937, aikin aku kenan, ya riƙe ɗan sarki da labari dare bayan dare don kar ya fita ya faɗa tarkon waziri. Ke ma akun ce, mai karatu kuma ɗan sarkin da ke son ficewa.

Kar ki yanke feji a wajen da kowa ya kwanta barci lafiya lau, don mai karatu ma kwanciya zai yi. Ki yanke a wajen da aka ƙwanƙwasa ƙofa, ko aka yi tambaya ba a amsa ba, ko jaruma ta ga wani abu da ya sauya mata lissafi. Ba dole sai an suma ko an yi hatsari ba, ƙaramin abu ma yana yi, Hafsatu ta ga sabuwar waya a hannun ƙaninta wanda ko kuɗin aski ba shi da shi, a tsaya nan.

Amma akwai sharaɗi, kuma nan ne da yawa ke karya amana. Idan kika yanke a kan an ɗaga wuƙa, gobe a buɗe a ce ashe mafarki take, kin ci bashin da ba ki biya ba. Sau ɗaya za a yafe, na biyu za a yi tsaki, na uku ba wanda zai ƙara yarda da ke. Haka idan kika ɗaga tambaya dole ki amsa ta, kuma kar ki tara duka amsoshi sai feji na ƙarshe, ki dinga biyan ƙananan basussuka a hanya kina buɗe sababbi, babbar tambayar kawai ake riƙewa. Marubucin Rasha Anton Chekhov yana da shawarar da ta shahara a kan haka, cewa idan ka nuna bindiga a rataye a farkon wasa to dole a harba ta kafin a tashi. Idan kin nuna mana wata laya da aka tono a bakin ƙofa a feji na 6, mai karatu yana riƙe da ita a ransa ko ke kin manta, don haka ki ajiye takarda ki dinga rubuta duk abin da kika buɗe, kina soke wanda kika rufe.

Mataki na takwas: harshe da tsarin rubutu

Ido yana gajiya kafin zuciya. Feji guda ba sakin layi ba aya ba waƙafi, maganar mutum uku a cakuɗe ba a san wa ke magana ba, ko labarin ya kai zuma daɗi sai an sha wuya. Duk wanda zai yi magana ki ba shi sabon layi, sakin layi kar ya cika fuskar waya. Ki karanta sau ɗaya kafin ki saki, da ƙarfi yadda kunnenki zai ji, duk inda harshenki ya sarƙe to na mai karatu ma zai sarƙe, balle yanzu da ake karanta littattafai a YouTube mutane na saurare suna aiki, jimlar da ba ta faɗuwa a baki ta mutu.

Sai Turanci. Ɗan tsarmi a bakin likita ko ɗalibar jami'a ba laifi, haka ake magana. Amma a yi layi biyar ana zuba Turanci ba fassara, kin manta akwai masu bin ki a Maraɗi da Damagaram da Yamai waɗanda bokonsu da Faransanci suka yi, akwai iyayenmu mata da Hausar kawai suke karantawa, duk kin rufe musu ƙofa. Kuma kowa ya yi magana da bakinsa, tsohuwar ƙauye kar ta yi magana irin ta 'yar jami'a, yaro ɗan shekara biyar kar ya dinga jero karin magana kamar dattijo.

Mataki na tara: cika alƙawarin lokaci

Ko labari ya kai me, idan kika ɓace sati uku ba bayani zaren ya tsinke, ki dawo mutane sun manta waye wane. Kar ki fara saki sai kina da aƙalla feji goma a ajiye, don rashin lafiya da biki da rasuwa da lalacewar waya ba sa sallama. Ki faɗi ranakun da za ki iya da gaske, idan sau uku a sati ne ki ce sau uku, ya fi ki ce kullum ki kasa. In uzuri ya taso ki sanar a layi ɗaya, in kin dawo ki buɗe da abin da zai tuna musu inda aka tsaya.

Idan littafin na kuɗi ne, ki faɗa tun feji na ɗaya cewa na kuɗi ne da adadin fejin kyauta da za ki bayar. Mutane ba sa ƙin biya kamar yadda suke ƙin a yi musu ba-zata a tsakiya. Kuma zafin da kika sa a fejin kyauta ki ci gaba da shi bayan an biya, don akwai masu zuba duk ƙarfinsu a goman farko, ana shiga guruf ɗin waɗanda suka biya sai labari ya kwanta, wadda aka yi wa haka sau ɗaya ba ta ƙara turo kuɗi kuma sai ta gaya wa ƙawayenta.

Sharhin masu karatu ki saurara amma kar ki miƙa musu sitiyari. Za su ce a kashe wance, a haɗa wane da wance, idan kika bi kowa labarin zai tarwatse. Abin da za ki ɗauka a sharhi shi ne inda suka rikice da inda suka gaji.

Mataki na goma: saukar da labari

Bayan an sha feji sittin ana jira, kar ki tattare komai a feji ɗaya don kin gaji, mugu ya yi hatsari ya mutu, kishiya ta haukace, boka ya tona asiri, sai bayan shekara biyar ga 'yan biyu ga katon gida. Babbar tambayar da kika ɗaga a farko ita za ki amsa, a gaban idonmu, kuma ta hannun jarumar. Idan Hafsatu ce ta sha wuyar neman wanda ya ɗauki kuɗin adashi, to ita za ta tsaya gaban mai makulli na biyun, mu ji me tace mu ji me ya amsa, mu ga yadda hannunta ke rawa lokacin da take miƙa wa Inna Talatu kuɗinta a ƙulle a leda. Ki ba wannan wajen feji biyu ko uku in ya kama, ki rubuta shi tun kina da sauran ƙarfi, ni yanzu tun ina tsakiyar littafi nake zama in rubuta fejin ƙarshe in ajiye, in na iso sai dai in gyara abin da hanya ta canza. Daga nan ki ɗauko takardar nan da kike rubuta abubuwan da kika buɗe, ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki ga ko akwai wanda ba ki soke ba, layar bakin ƙofa, bashin da ta ci, wayar hannun ƙaninta, in akwai saura ki koma ki rufe shi kafin ki rubuta tammat.